Boko Haram, ISWAP, Ansaru da Lakurawa: Me ya haɗa su, me ya raba su?

A watan Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana Lakurawa a matsayin ƙungiyar ta'addanci. Tun a ƙarshen 2021 kotu ta yi wa 'yan bindigar daji irin wannan hukunci, ita kuwa Boko Haram da Ansaru an haramta su tun 2013. Sunaye sun yi yawa, kuma mai sauraron labarai yakan rasa gane wanne ne wanne. Yau a ce ISWAP ta afka wa sansanin soja, gobe a ce ISWAP ɗin ce ke fafatawa da Boko Haram a tsibiran Tafkin Chadi, jibi kuma a ji Lakurawa sun kora shanu a Kebbi da sunan zakka. A bakin mutane da yawa duk Boko Haram ne. Ga wanda yake zaune a Marte ko Tangaza ko Bosso kuwa, sanin wace ƙungiya ce ke riƙe da dajin da ke bayan garinsu shi ne sanin ko zai iya zuwa gona, da abin da za a karɓa a hannunsa, da laifin da za a iya yanka shi a kansa.

Kalmomin da ake ta ji

A dokar Najeriya, wadda aka kafa a 2011, aka yi wa gyara a 2013, sannan aka sabunta a 2022, ta'addanci shi ne kisa ko garkuwa ko ɓarnar da ake yi da nufin tsorata jama'a ko tilasta wa hukuma yin wani abu ko barinsa. Dokar ba ta ambaci wani addini ba. Da zarar an ayyana ƙungiya, zama ɗanta laifi ne, haka ba ta kuɗi ko kaya ko mafaka, haka ma ɓoye bayanin da mutum ya sani a kanta.

A fiƙihun Musulunci, jihadi na makami yana da sharuɗɗa da malaman mazhabobi suka daɗe da shimfiɗawa: shugaba ne ke shelanta shi, ba a kashe mata da yara da tsofaffi da masu ibada a wuraren ibadarsu, ba a warware alkawarin aminci. Tare hanya da firgita matafiya da kwashe dukiyarsu kuwa sunansa hiraba, kuma hukuncinsa mai tsanani yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 33, dab da ayar da ta ce wanda ya kashe rai guda ba da hakki ba kamar ya kashe mutane ne baki ɗaya. Shi ya sa yawancin malamai suke sanya aikin waɗannan ƙungiyoyi a babin hiraba, suke kuma kiran su Khawarijawa, wato suna danganta su da mutanen da suka fita daga rundunar Sayyidina Ali, suka kafirta shi, ɗayansu ya kashe shi a shekara ta 40 bayan hijira.

Kalma ta uku ita ce kafirtawa, wato yanke wa mai kalmar shahada hukuncin fita daga Musulunci. A kanta ne rigimar ta fi tsayuwa, domin ƙungiyar da ke yaƙi da sunan Musulunci a ƙasar da akasarin mazaunanta Musulmi ne ba za ta iya harbin maƙwabci ba sai ta fara cire masa rigar Musulunci. Iyakar inda kowace ƙungiya ta ja layin kafirtawa, nan ne iyakar wanda take kashewa.

Daga Markaz zuwa Sambisa

Muhammad Yusuf ya tara mabiya a farkon shekarun 2000 a Markaz Ibn Taimiyya da ke unguwar Railway a Maiduguri. Wa'azinsa ya tsaya a kan cewa karatun boko da aikin gwamnati da tsarin dimokuraɗiyya haramun ne, kuma duk hukumar da ba ta hukunci da shari'a ɗagutu ce. Mutanen gari suna kiran mabiyansa 'yan Yusufiyya, daga baya laƙabin Boko Haram ya bi su. Malamai ne suka fara yi masa raddi, har da waɗanda ya taso a hannunsu. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi ta gargaɗi a kansa kafin a harbe shi yana jan sallar Asuba a masallacinsa na Ɗorayi a Kano a watan Afrilun 2007, kisan da har yau kotu ba ta tabbatar da wanda ya yi ba. Isa Ali Pantami ya yi muƙabala da shi a Bauchi a 2006. Sheikh Auwal Albani Zariya ya yi masa raddi mai zafi, aka kashe shi tare da matarsa da ɗansa a watan Fabrairun 2014, Abubakar Shekau, wanda ya gaji Yusuf, kuma ya fito ya ce aikinsu ne.

A watan Yunin 2009 jami'an rundunar tsaro ta Operation Flush suka buɗe wa mabiyan Yusuf wuta suna kan hanyar maƙabarta, a kan saɓanin sanya hular kwano. Ranar 26 ga Yuli rikici ya ɓarke a Bauchi, ya bazu zuwa Maiduguri da Potiskum da Wudil, aka rasa ɗaruruwan rayuka cikin 'yan kwanaki. Sojoji suka kama Yusuf da ransa suka miƙa wa 'yan sanda, aka kashe shi ranar 30 ga Yuli ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Surukinsa Baba Fugu, wanda ya kai kansa ofishin 'yan sanda, shi ma bai fito da rai ba. Hotunan waɗannan kashe-kashe sun yi ta yawo a wayoyi, kuma da su aka yi ta jan matasa shekaru bayan nan.

Mataimakin Yusuf, Abubakar Shekau, ya sake bayyana a 2010 da suna Jama'atu Ahlis Sunna Lidda'awati wal Jihad. Suka fasa gidan yarin Bauchi a watan Satumba na shekarar, suka tayar da bam a hedikwatar 'yan sanda da ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja a 2011, da cocin Madalla ranar Kirsimeti. Ranar 20 ga Janairun 2012 suka kashe mutum kusan 185 a Kano a yini guda. A 2014 aka yanka ɗalibai a Buni Yadi, aka sace 'yan mata 276 a Chibok, aka kama Gwoza aka kafa tuta, aka kuma tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano ana tsaka da salla, fiye da mutum ɗari suka rasu. A watan Fabrairun 2015 wutar ta tsallaka kogin Komadugu, aka kai hari Diffa da Bosso a Nijar, kamar yadda ta riga ta shiga arewacin Kamaru.

Wane ne jininsa ya halatta?

A watan Maris na 2015 Shekau ya yi mubaya'a ga Abubakar al-Baghdadi, shugaban Daesh (IS) na lokacin, ƙungiyar ta koma reshen Daesh na Afirka ta Yamma, wanda ake taƙaitawa da ISWAP. Zaman bai yi ƙarko ba. A watan Agustan 2016 Daesh ta naɗa Abu Mus'ab al-Barnawi, ɗan Muhammad Yusuf, a matsayin shugaba. Shekau ya ƙi sauka, ya koma tsohon sunansa, ya ci gaba da riƙe Sambisa da duwatsun Mandara. Al-Barnawi da wani jigon ƙungiyar, Mamman Nur, suka nufi tsibiran Tafkin Chadi da sunan ISWAP.

Akwai rikicin shugabanci da na ganima a ciki, domin an zargi Shekau da kashe kwamandojinsa a kan ƙaramin saɓani da kuma ɓoye dukiya. Amma abin da ɓangarorin biyu suka yi ta jifan juna da shi a saƙonnin muryarsu shi ne batun kafirtawa. A fahimtar Shekau, duk wanda ke zaune a ƙarƙashin gwamnati bai yi hijira zuwa gare su ba, kafiri ne, ko da yana salla da azumi, kuma jahilci ba uzuri ba ne. Da wannan ma'auni, ɗan kasuwar Monday Market ta Maiduguri da mai katin zaɓe da matar da ta gudu sansanin 'yan gudun hijira duk hukuncinsu ɗaya. Daga nan ne aka samu 'yan mata sanye da bam a tashoshin mota da masallatai. A watan Fabrairun 2016 irin waɗannan 'yan mata suka tashi bam a sansanin 'yan gudun hijira na Dikwa da safe, mutum kusan 60 suka mutu. A watan Nuwamban 2020 aka ɗaure masu girbin shinkafa a Koshebe kusa da Zabarmari aka yi musu yankan rago, aƙalla 43 aka binne a rana guda, da yawansu 'yan ci-rani ne da suka zo aikin ƙwadago.

ISWAP ta ce talakan Musulmi da bai taimaka wa gwamnati ba, ba a taɓa shi. Ta fi karkata ga sansanonin soja, irin harin Metele na watan Nuwamban 2018, kuma ta ɗauki salon mulki. A yankunan da take da ƙarfi tana karɓar haraji daga masunta da masu banda da makiyaya da manoman tattasai, tana ba da takardar shaidar biya, tana raba rigima tsakanin manomi da makiyayi, wani wurin har rijiya take haƙawa. Masunci da ya biya yakan kama kifinsa ya fita lafiya, abin da wasu ke cewa ba kullum suke samu ba a shingayen da ke kan hanya.

Wannan ya sa wasu ke ɗaukar ISWAP a matsayin mai sauƙi. Sauƙin nata yana da iyaka ƙwarai. A wajenta soja da ɗan sanda da ɗan kato-da-gora da ma'aikacin gwamnati da ma'aikacin agaji da wanda ake zargi da kai rahoto duk sun yi ridda, Kirista kuwa abin hari ne tun asali. Ita ce ta sace 'yan mata 110 a Dapchi a watan Fabrairun 2018, ta mayar da mafi yawansu, ta riƙe Leah Sharibu saboda ta ƙi barin addininta. A shekarar ce ta kashe Saifura Khorsa da Hauwa Liman, ungozomomi biyu Musulmi da ke aiki da ƙungiyar agaji ta Red Cross a Rann. Ta fuskar tsaro ma masana da yawa suna ganin ta fi Shekau haɗari, tunda ƙungiyar da ke tara haraji a kai a kai, kuma ba ta kore mutanen da ke ciyar da ita ba, ta fi wuyar tumɓukewa.

A watan Mayun 2021 ISWAP ta shiga Sambisa, Shekau ya tashi bam ɗin da ke jikinsa. Dubban mabiyansa da iyalansu suka fito suka miƙa wuya ga sojoji maimakon su bi sabbin shugabanni. Ragowar suka taru ƙarƙashin wani kwamanda mai suna Bakura a gefen Tafkin Chadi, kuma har yanzu ɓangarorin biyu suna kashe juna.

Muhawarar kafirtawa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A farkon ƙarni na 19 Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Borno da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sun yi musayar wasiƙu a kan ko saɓo da bin wasu al'adu suna fitar da mutum daga Musulunci. Al-Kanemi ya tsaya a kan cewa zunubi daban, kafirci daban. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya yi rubutu yana jan kunnen ɗaliban da ke gaggawar kafirta talakawa don sun kasa amsa tambayoyin tauhidi. Masu ikirarin gadon jihadinsa a yau ba sa ambaton wannan ɓangare.

Ansaru, Lakurawa da 'yan bindigar daji

Ansaru ta ɓalle tun a farkon 2012, jim kaɗan bayan harin Kano, tana mai cewa kashe Musulmi ya yi yawa. Ita tana tare da Alƙa'ida ne, ta yi suna da sace Turawa, ta yi shiru bayan an kama shugabanta Khalid al-Barnawi a Lokoja a 2016, sannan ta sake ɓullowa a dazukan Birnin Gwari, inda take wa'azi tana hana mutane shiga siyasa.

Lakurawa daga Mali da Nijar suka shigo. Bayanai sun nuna cewa wajen 2017 wasu shugabannin al'umma a Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato ne suka nemi taimakonsu don korar ɓarayin shanu. Suka kori ɓarayin, suka zauna. Daga nan suka fara hana kiɗa, suna duba wayoyin matasa, suna bulala, suna karɓar zakkar dabbobi da ƙarfin bindiga. An gudu ba a tsira ba ke nan. Harin garin Mera a ƙaramar hukumar Augie ta jihar Kebbi a watan Nuwamban 2024 ne ya sa ƙasa ta san da su. Masu bincike sun rabu a kan ko reshen Daesh na Sahel suke bi ko na Alƙa'ida.

'Yan bindigar Zamfara da Katsina kuwa, duk da cewa doka ta kira su 'yan ta'adda, akasarinsu ba daula suke nema ba. Kuɗin fansa da shanu da ramuwar gayya ne ke gabansu. Sai dai ciniki yana haɗa su da masu aƙida, musamman na makami da dabarun bam, kuma harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na watan Maris 2022 ya nuna alamun irin wannan haɗin gwiwa.

Aƙida ce ko talauci?

Masu cewa aƙida ce suna nuni da cewa talauci ya cika ƙasar Hausa da Borno tun kafin a haifi Yusuf, kuma miliyoyin talakawa ba su ɗauki bindiga ba. Cikin mabiyan farko akwai 'ya'yan masu hali da ɗaliban jami'a da suka yayyaga takardunsu. A ganinsu, in ba a rushe hujjar kafirtawa a majalisin karatu ba, ko an kashe shugaba wani zai tashi.

Masu cewa matsalar mulki ce suna da tasu hujjar. Wani bincike da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2017, wanda aka yi ta hanyar hira da tsofaffin mayaƙa a Afirka, ya gano cewa kashi 71 cikin 100 sun ce abin da ya tura su shiga a ƙarshe shi ne wani aiki na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Binciken ya kuma nuna cewa da yawansu iliminsu na addini kaɗan ne. A Borno an samu waɗanda suka shiga don rancen jari, ko babur, ko a yi musu aure, ga kuma dubban da aka kama da ƙarfi suna yara.

Akwai ra'ayi na uku da ya yi ƙarfi a majalisu da shafukan sada zumunta, cewa ƙasashen waje ne suka ƙirƙiro komai. Gaskiya ne rushewar Libiya a 2011 ta watsa makamai a Sahel, kuma Daesh da Alƙa'ida suna aiko da shawara da horo. Amma shugabannin ƙungiyoyin Borno 'yan ƙasa ne da aka san unguwanninsu da malamansu, wa'azinsu da Hausa da Kanuri yake, kuma kaso mai yawa na makamansu daga sansanonin da suka fasa suka kwaso.

In aka duba da kyau, ra'ayi na farko ya fi bayyana shugabanni, na biyu ya fi bayyana mabiya. Aƙidar ita ke ba da izinin kisa, zalunci da rashin hukuma a karkara su ke kawo masu riƙe bindigar. Haka ma gardamar da ake yi kan su wa aka fi kashewa. An kai wa coci-coci da garuruwan Kiristoci hari da gangan saboda addininsu, musamman a kudancin Borno da arewacin Adamawa. A lokaci guda, tunda yawancin yaƙin a garuruwan Musulmi ake yin sa, mafi yawan waɗanda suka mutu a arewa maso gabas Musulmi ne. Ɗaya bai soke ɗaya ba.

Batun tubabbu

Gwamnatin tarayya ta kafa shirin Operation Safe Corridor a 2016, inda ake tsare waɗanda aka ga ba su da babban laifi a sansanin Malam Sidi na jihar Gombe, a koya musu sana'a, malamai su warware musu shubuhohi, sannan a mayar da su jihohinsu. Bayan mutuwar Shekau jihar Borno ta buɗe nata tsarin saboda yawan masu fitowa. Nijar ma ta buɗe irin wannan cibiya a Gudumariya.

Hujjar masu goyon baya ita ce, mayaƙin da ya san kashe shi za a yi in ya fito ba zai taɓa ajiye makami ba, kuma da yawan masu fitowar manoma ne da mata da yara da yaƙi ya rutsa da su. Masu adawa suna tambayar ina adalci: wanda aka kashe wa uba yana sansani yana jiran awon masara, wanda ake zargi da kisan ya dawo unguwa da keken ɗinki da jari. Suna kuma nuni da waɗanda suka koma daji ko suka zama masu leƙen asiri. Shari'o'in waɗanda ake zargi da ta'addanci da aka fara a Kainji a 2017 ba su kashe wannan ƙishirwa ba. An saki ɗaruruwa saboda babu hujja bayan sun shafe shekaru a tsare, kuma da yawan waɗanda aka ɗaure laifinsu ɓoye bayani ne ko kai wa mayaƙa kaya.

Inda abin ke faɗa wa talaka

Wani ƙiyasi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya ci rayuka kusan 350,000 a Borno da Yobe da Adamawa. Kusan 35,000 ne kawai suka mutu ta hanyar harbi ko bam. Sauran yunwa da cuta da rashin asibiti ne suka kashe su, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Fiye da mutum miliyan biyu sun bar gidajensu.

Matakan tsaro ma suna da nasu nauyin. Don a toshe wa mayaƙa hanyar kuɗi an taɓa hana cinikin kifi da na tattasai da hawan babur a jihar Diffa, an taƙaita safarar takin zamani da man fetur a sassan Borno, an rufe kasuwannin shanu. Wanda sana'arsa ta tsaya ta haka yakan koma inda ISWAP ke barin a yi kamun kifi, ya biya ta. Ga kuma kuskuren jiragen yaƙi, kamar na sansanin 'yan gudun hijira na Rann a watan Janairun 2017 da na masu Mauludi a Tudun Biri a watan Disamban 2023.

Mutumin ƙauye yana tsakanin hukunci biyu. In ya biya harajin 'yan daji don ya yi noma, doka na iya ɗaukar sa mai tallafa wa ta'addanci. In ya kai rahoto ga soja, 'yan daji suna ɗaukar sa wanda ya yi ridda. Ayyana Lakurawa ya faɗaɗa wannan tarko zuwa Sakkwato da Kebbi, inda mai sayar musu da burodi ko fetur ko katin waya, ko da bisa tilas ne, zai iya samun kansa a hannun hukuma.

Gwamnatin Borno ta rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin Maiduguri tun daga 2021, tana mayar da mutane garuruwansu. Da yawan waɗannan garuruwa ganuwa ce ta rami ke kewaye da su, soja na bakin ƙofa, noma kuma ba ya wuce 'yan kilomitoci daga gari. Haɗin kan ƙasashen tafki shi ma ya yi rauni: Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar haɗin gwiwa a watan Maris na 2025, alhali mayaƙan suna tsallaka iyakar da ke tsakanin Abadam da Bosso a kwalekwale ko a ƙafa idan ruwa ya janye.